Na ga layi a ƙashin fiffike: in saya ko in haƙura?

Sabon Magini: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Wani zai sayar min da jirgin sama mai kujera biyu da aka fara haɗawa a gida ba a gama ba. Fikafikan na katako ne, ƙashin fiffiken, wato dogon katakon da ke ɗauke da nauyinsa, na itacen sifurus na Sitka ne, in ji shi. Na dama an riga an lulluɓe shi da yadi, na hagu a buɗe yake. A na hagun, daidai inda ƙarfen matokari, wato sandar da ke tokare fiffike da jikin jirgi, ke kamawa, na ga siririn layi ya gitta zaren katakon, bakin hudar noti ɗaya kuma ya yi baƙi. Ya ce banish ne kawai ya tsage. Na tambayi irin gam, ya ce shi ma a haka ya saya. In yanke wurin in yi ƙari da sabon katako, in sake ƙashin gaba ɗaya, ko in bar masa kayansa?

Shaho: Wa alaikumus salam. Katako a jirgi? Nemi na alminiyam ka huta, Malam.

Tsohon Makaniki: Shaho, alminiyam ma yana gajiya. A 2018 fiffiken wani jirgin alminiyam ƙirar Piper Arrow ya cire a Daytona Beach ta Amurka jim kaɗan bayan tashi, mutum biyu suka rasu, kuma daga hudar noti tsagar ta faro. Kai kuma ƙanena Sabon Magini, kankare banish ɗin a hankali, ka kashe fitila, ka kwantar da hasken tocila a jikin katakon ta tsawonsa. In layin yana nan bayan banish ya fita, zaren ne ya murƙushe saboda matsi, kuma irin wannan katako ba ya gargaɗi kafin ya karye. Baƙin nan alamar ruwa ya haɗu da ƙarfe. Caka basilla a gefensa: mai lafiya zai tashi da dogon sili, ruɓaɓɓe zai marmashe. Littafin gyara na FAA (hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka), AC 43.13-1B, ya hana yin ƙari a ƙarƙashin ƙarfen matokari, saboda haka ka cire wannan daga lissafi.

Balbela: Wallahi wannan tambaya ta fama min miki. Na sayi irin wannan aiki, mai shi ya rantse min komai an duba. Na gama lulluɓi, na yi fenti, na ɗaura inji, yarana har sun raba wanda zai fara hawa. Ranar da mai dubawa ya zo, ya zura madubi ta ƙofar dubawa, ya daɗe shiru, sannan ya ce in kawo reza. A gabana aka tsaga yadin da na ɗinke da hannuna. Ƙarƙashin filawud ɗin da aka manna a gindin fiffike, layi biyu ne kwance, an shafe su da gam an rufe. An rufe fa, da gangan! Ashe fiffiken ya taɓa faɗowa daga rataye, bakinsa ya daki ƙasa. Haƙarƙarin kuwa da ɗan yatsa kake tura su suna ɓanɓarowa, gam ɗin ya koma gari. Na kira mutumin, ya ce ai an sayar an gama. Har yau jirgin yana rumfa ba fiffike.

Shaho: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya.

Mai Barkwanci: Balbela ba fiffike, to ai sai mu koma kiranka Jimina.

Balbela: Ba lokacin wasa ba ne, don Allah.

Kafinta: Irin gam ɗin da Balbela ya faɗa, ko na kasin ne ko na yuriya, zafi da danshi ke cinye shi. Yanzu risosinol ko ifoksi ake sa wa. Amma kada a tsorata yaro. Sabon ƙashi bai kai kuɗin farfela ba. Na yi wa mutane, zare tsoho ka zura sabo.

Balbela: Bai kai kuɗin farfela ba? Da na nemi katako mai wannan tsawo, aka haɗa da akwati da dako, ya fi abin da na biya na jirgin gaba ɗaya.

Kafinta: To an cuce ka karo na biyu ke nan.

Injiniya B: Malam Kafinta, da girmamawa, kujera daban, fiffike daban. Katakon da ka zura wa mutane, ka auna karkatar zarensa? Kada ta wuce 1 cikin 15, zoben shekara kuma aƙalla 6 a inci ɗaya, danshinsa tsakanin kashi 8 zuwa 12 lokacin manni. Ƙaramin jirgi na yau da kullum ana ƙera shi ya ɗauki nauyinsa sau 3.8, a ninka da 1.5 don kariya. Ni na kifa fiffikena na jera buhunan yashi bisa lissafi, ina auna lanƙwasa, bayan na sauke ya koma daidai.

Kafinta: Injiniya, takarda ba ta jin ƙamshin ruɓa. Hancina da hannuna sun gano abin da lissafinku bai gani ba.

Tsohon Makaniki: Ku biyun kuna da gaskiya, amma yashi bai wanke katako mai murƙushewa. Zai iya ɗauka yau, iska ta girgiza shi gobe ya tafi. Kuma jiragen kamfani ma ba su tsira ba: a 2000 FAA ta wajabta duba ƙashin katako na Champ da Citabria saboda irin wannan layi.

Shaho: Cikinku wa ya taɓa tashi da jirgin da ya haɗa? Wanda ya sa ransa a kai shi ke da ta cewa.

Injiniya B: Masu Zodiac 601 XL, jirgin da ake haɗawa a gida, ma sun tashi da nasu, har sai da fikafikai suka karye a sama, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta nemi a dakatar da su a 2009, aka fito da kayan ƙarfafawa. Kuma alminiyam ne, Shaho.

Sabon Magini: Na gode, Baba Makaniki. To na daman da ke lulluɓe fa?

Balbela: Ka tambaye shi littafin aiki da hotuna. Za ka ji ya ce sun ɓace. Kullum haka suke: jirgi ya ratsa hannu uku, kowa ya manna abin da ya ga dama, ba rasit na katako, ba kwanan watan gam, ba hoto ko ɗaya kafin a rufe.

Mai Barkwanci: Amma hoton fenti kam guda ɗari za su turo maka.

Kafinta: Masu dubawar ma ina suke? Waɗanda suka san katako sun tsufa. Na ƙarshe da ya zo wurina ya ƙwanƙwasa fiffike sau ɗaya ya koma kan inji.

Injiniya B: Wannan kam gaskiya ne. Ni sai da na nuna wa nawa hudojin tsiyayar ruwa da fenti ya toshe, bai ma duƙa ya duba ƙasan fiffiken ba. Akwai wanda ya san mai duba katako da har yanzu yake karɓar aiki?