Maƙwabci na haƙa masai kusa da rijiyarmu, wai har yanzu akwai duba-gari kuwa?

Ɗan Fadama:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wurin masu sani. Mu a ƙauyenmu nan Jigawa ɓangaren fadama rijiya ɗaya ce a ƙofar gidanmu kuma kusan duk layin daga ita ake sha, tuƙa-tuƙan da muke da shi ya lalace tun bara ba wanda ya waiwaye shi. To yanzu maƙwabcinmu, wanda ƙanin babana ne ma ta wajen kakanni, ya sa yara sun fara haƙa masa sabon masai a bayan katanga, na auna da ƙafa bai wuce taku goma sha biyu ba zuwa bakin rijiyar. Na same shi cikin ladabi nace Baffa wannan ramin bai yi kusa ba kuwa, yace ai ƙasa tana tace komai, kuma filinsa ne, kuma ba hukuma ce da kanta tace kowa ya yi masai a gidansa ba? Wlh sai na rasa ta cewa. Ga damina ta ƙarato, mu kuma nan in ruwa ya zauna rijiya tasowa take har yaro ma ya ɗebo da gajeriyar igiya. Tambayata, wai duba-garin nan da iyayenmu ke ba mu labari har yanzu akwai su? Ina ake samun su, kuma in na kai maganar ba za a ce na kai ƙarar ubana ba?

Duba-gari daga Kano:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Muna nan ba mu mutu ba, ni kaina aikin nake yi a wata ƙaramar hukuma ta karkara. Kafin komai ka yi ƙoƙari a tsayar da haƙan nan tun ba a ɗora itace an rufe ba, don in aka fara shiga magana ta zama babba. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce tsakanin masai da rijiya a samu aƙalla mita 30, wato wajen taku 40 na babban mutum, kuma masan ya kasance ta gangare ba ta saman rijiya ba, sannan gindin ramin ya bar kamar mita 2 kafin ya tarar da ruwan ƙasa. Maganar Baffanka cewa ƙasa na tacewa akwai gaskiya a ciki amma rabi ce, ƙasa na tacewa in akwai nisa kuma in busasshiya ce, amma a jigawa mai rairayi ko fadamar da ruwa ke tasowa da damina, ramin masai da rijiya ruwa ɗaya suke sha ta ƙarƙashi, ba za ka ga canjin launi ba, ba wari, sai dai kawai yara su fara gudawa, taifot ta yi ta zagaya gidaje ana cewa shawara ce ko mayu.

Inda za ka same mu sakatariyar ƙaramar hukuma ce, ka tambayi sashen lafiya, a wasu wuraren kuma an haɗa mu da masu kula da ruwa da tsafta. In ta yi maka nisa ka je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ka gaya wa mai kula da shi, ya san wanda ke riƙe da yankin. Kuma ba kama mutum muke fara yi ba. Mu zo mu duba, mu auna, mu nuna masa inda ya dace ya haƙa, in ya ƙi a ba shi takardar gargaɗi da wa'adin kwanaki, sai in ya yi kunnen ƙashi ne ake zancen kotu, ni dai akasarin irin wannan a zauren mai unguwa muke kashe ta.

Mutane sun ɗauka aikinmu shara ce ta Asabar ɗin ƙarshen wata kawai. Kwata da mahauta, masu tuwo-tuwo da masu shayi, inda 'yan garuwa ke ɗibar ruwa, banɗakin makaranta da na kasuwa, kududdufin da ya zama gidan sauro, shanya hatsi a gefen titi inda ɓera ke bi ya bar fitsarinsa, ta nan zazzaɓin Lassa ke shiga, duk namu ne. Karatu ake yi, ga School of Hygiene a Kano tun zamanin Turawa, ga kwalejin kiwon lafiya ta Jahun a wajenku, kuma tun 2002 akwai dokar da ta kafa hukumar da ke yi mana rajista da lasisi.

Tsohon Hedimasta:

Yaro ka yi tambaya mai kyau. Mu da muka ga ƙarshen zamanin En'e mun san duba-gari na gaske. In aka ce ga shi nan ya shigo unguwa da kakinsa, mata har tuntuɓe suke wajen zubar da ruwan randa, saboda hannu yake sawa ya shafo gindin randar, in ya ji santsi ko ya ga tsutsa to maigida sai gaban alƙali. Ya leƙa masai ya ga ko da murfi, ya bi rariya har waje, ya duba turken awaki. Akwai zalunci a ciki wani lokacin, ba na musu, akwai wanda in an ba shi zakara ko ƙwai sai idonsa ya daina gani, amma abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne bayansa akwai dagaci, bayan dagaci akwai hakimi, bayan hakimi akwai Sarki. Yau ma'aikacin shi kaɗai yake tafe, in ya rubuta wa mutum takarda kafin ya koma ofis kansila ya bugo waya wai ɗan jam'iyya ne a ƙyale shi.

Ku yaran yanzu ba ku san kurkunu ba. Da damina, daidai lokacin noma, sai ka tarar da magidanta a kwance ƙafa a kumbure ana naɗe tsutsa a tsinke, gona ta zama saura. Ba allura ce ta kore shi ba kuma ba ƙwaya ba, tace ruwa ne da ƙyalle da hana mai ciwon shiga tafki da haƙa rijiyoyi, gida-gida aka bi, har Janar Gowon ya riƙa yawo ƙauyuka a kan haka. A 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 da shi a ƙasar nan, na ƙarshe aka gani a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi.

Batun Baffanka kuwa, kada ka je sakatariya kai kaɗai da sunanka. Rijiyar ba taka ba ce, ta layi ce. Ka samu dattawa biyu cikin masu sha daga ita ku je wa mai unguwa, a sa liman a ciki, mai unguwa shi zai kira ma'aikaci. Ta haka ba wanda zai ce ɗa ya kai ƙarar uba, kuma shi ma Baffan jikokinsa daga nan suke sha.

Maman 'Yan Biyu:

Hmm ni dai ku yi haƙuri malam duba-gari amma gsky mu a wajenmu ranar kasuwa kawai muke ganinku, a bi masu awara da masu fura a yanki rasit a wuce, kwatar da ke bayan kasuwa kuwa jini da tumbi na kwarara har cikin kududdufin da yara ke wanka ba mai cewa uffan. Shekarar amai da gudawan nan 2021 sai da aka fara ɗaukar mutane a amalanke sannan muka ga an zo da feshi da maganin rijiya, ina amfanin baɗi ba rai. Ni na yi jinyar uwar mijina a lokacin, Allah ya sa wata ma'aikaciya ta koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari tun a awo, lita ɗaya na tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, shi muka yi ta ɗura mata a hanya har muka isa aka sa mata ƙarin ruwa. Kuma Ɗan Fadama ko an ɗauke masan nan ka duba cikin gidanku, don mu mata mun sani, ruwa na iya fitowa rijiya lafiya lau ya lalace a randa, moɗa ɗaya kowa ya tsoma hannu, yaro ya fito daga bayan gida ya ɗauka, ta faɗi ƙasa a mayar.

Duba-gari daga Kano:

Hajiya ba zan kare abin da kika gani ba, akwai masu yin haka kuma suna ɓata mana suna. Amma ki sani wani lokacin mutum ɗaya ne ke riƙe da mazaɓa sukutum, ba babur ba mai, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, ga yara sun gama karatun suna zaune a gida suna aikin sa kai. Kuma gari ma yana da nasa laifin, sau da yawa ɓoye mai amai da gudawa ake yi saboda kunya, sai an rasa mutum biyu uku labari ya iso. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da aikinsa kenan karɓar rahoton ɓullar cuta ya tura jiha, in babba ya kamu da gudawa mai kamar ruwan shinkafa ranar ya kamata a faɗa, ba sai an ga na biyu ba. A 2021 ɗin da kike faɗa sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Baba Hedimasta Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta mai unguwa ita ce hanya. Abin da zan ƙara, Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, duk ƙananan hukumomi 27, abin alfahari ne, sai dai an matsa wa mutane su haƙa masai ba kowa aka nuna wa inda zai haƙa ba, shi ya sa Baffa yake ganin umarni yake bi. In gidansa ba shi da faɗin da za a samu nisan, akwai dabara, a yi ramin gajere a ɗaga ginin sama da ƙasa a can kusurwar da ta fi nisa. Rijiyar kuma a ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti kewaye da hanyar da ruwa zai gangara nesa, a sa murfi, a ware guga ɗaya a rataye shi, ba kowa ya zo da nasa yana ja a ƙasa cikin kashin awaki ba.

Mai Tumatir Kadawa:

Malam tunda ana maganar, mu nan wajen Kura masu noman rani yaranmu fitsarin jini ya zama kamar ado, har ana cewa alamar balaga ce. Shi ma naku ne ko na asibiti?

Duba-gari daga Kano:

Namu ne mu duka. Tsargiya ce, ba balaga ba ce, wata tsutsa ce da ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na cikin kanal da kududdufi, ta fata take shiga in yaro na wanka ko wanki. Maganinta praziquantel, akan raba shi kyauta a makarantu, ka tambaya a asibitinku har da almajirai da waɗanda ba sa zuwa boko a ba su. Amma in sun sha sun koma ruwan kuma ana ci gaba da fitsari a cikinsa, baɗi ma sai sun sake sha. Ku masu ban ruwa ku nemi takalmin roba mai tsawo, yara kuma a ɗebo musu ruwan burtsatse su yi wanka a gida.