Waɗanda suka taɓa kai ɗalibai Nijar, ko suka karɓi baƙi daga can, ku zo mu ji

Malamar Faransanci:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Faransanci a wata sakandaren kwana ta gwamnati a jihar Katsina. Yaran kulob ɗinmu suna da ƙoƙari, amma duk Faransancinsu a allo ya tsaya. Ba su taɓa jin an yi ciniki da shi ba, balle faɗa. Firinsifal ɗinmu kullum zancensa a nemo wata makaranta a Turai a ƙulla ƙawance. Na ce masa, ranka ya daɗe, daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma can ma da Faransanci ake karatu. Ya yi dariya ya ce in kawo masa tsari a rubuce.

To ga ni. Wanda ya taɓa zuwa irin wannan ziyara, yana ɗalibi ko yana malami, ko aka zo makarantarsu, don Allah ya faɗa mini yadda ta kaya. Har da abin da bai yi daɗi ba.

Tsohon Gola:

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tuna mini da nisa. Mun je muna aji biyar, tun kafin rufe bodar 2019 da daɗewa. Bas ɗaya, 'yan kulob ɗin Faransanci a gaba, mu 'yan ƙwallo a baya, don an ce za a buga wasan sada zumunci. Ni gaskiya ƙwallo ce ta kai ni, ban san ko "bonjur" ba.

Tun daga Katsina har Jibiya malaminmu yake sa yaran gaba suna maimaita yadda za su gaida jandarma. Muka tsallaka, muka isa Ɗan Isa, shugaban kulob ya sauko da takardarsa, ya gyara murya ya jero gaisuwar da ya haddace. Jandarman ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Kun zo lahiya? Yaya hanya?" Bas ɗin nan kamar zai kife don dariya. Har muka gama makaranta "Kun zo lahiya" ake kiran yaron.

Na biyu shi ne kuɗi. Na tsaya sayen burodi, dogon nan mai tauri, mai shago ya ce dala ashirin. Na ajiye masa abinsa na ja da baya, a zatona dalar Amurka yake nufi. Ashe can da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100 ke nan, jika kuma sefa 1000. Ki koya wa yaranki wannan kafin su tashi, ya fi musu haddar gaisuwa amfani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai hirar dare ce. An haɗa ni da wani yaro, na tambaye shi ajinsa, ya ce aji na uku, na raina shi. Daga baya na gane su da baya-baya suke ƙirgawa: daga na shida ake farawa, na uku shi ne ƙarshen kwaleji, inda ake rubuta jarrabawar BEPC, sannan a shiga lise shekara uku a rubuta Bak. Ya kuma ce mini ya ci 14 a lissafi, yana faɗa yana washe baki. Na ce a zuciyata Allah sarki. Ashe bisa 20 ake ba su maki, 10 ce tsira. Wato yaron ya ci 70 a lissafinmu, ni da ban taɓa wuce 45 ba nake tausaya masa.

Wasan kuwa kada ki tambaye ni. Filin yashi ne zalla, takalmanmu na nutsewa, su kuma kamar a kan tabarma suke gudu. Uku suka zura mini.

Mushe daga Maraɗi:

Sannunku da hira. Ni malamin tarihi ne a wata lise nan Maraɗi (mu nan Mushe ake ce ma malami), kuma sau biyu munka tarbi baƙi daga Najeriya. Malama, in gaya miki gaskiya, abin da Tsohon Gola ya hwaɗi shi ne matsalar. In kin kawo yara kin kai su kasuwa da hwadar Sarki, Hausa za su yi da kowa har su koma, don mu ma ita muke yi in an tashi daga lakwal. Faransanci a cikin aji yake. Saboda haka ki roƙi shugaban lakwal ɗin a rarraba yaranki bibbiyu cikin azuzuwa, su zauna a yi darasi da su tun sahe har tashi, ko da ba su gane rabi ba. Wanda ya ji an koyar da lissahi da Faransanci na awa biyu ya ji abin da babu shi a littahi.

Kuma ki sani yaranmu su ma da buƙatarsu. Ingilishi suke nema ido ruhe. A dokar da hukuma ta hitar a 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In za a yi, a yi ba-ni-in-ba-ka: da sahe naku su sha Faransanci, da marece namu su sha Ingilishi wurin naku.

Sai kokena, kuma ba zan ɓoye ba. Baƙin da munka tarba na hwarko, malamai sunka yi karo-karo, anka yanka rago, yara sunka bar ma baƙi katihunsu. Da za su tahi anka yi alkawarin za a gayyace mu. Har yau shiru. Na rubuta wasiƙa biyu, daga baya na ji an canza ma malamin wurin aiki. Yaran da anka yi ma alkawarin wasu har sun yi aure. In ba ku da halin tarbar mu, ku hwaɗi tun hwarko, ba laihi ba ne.

Kar ku zo daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin jarrabawa ne gare mu, na san ku ma WAEC da NECO na kanku. Lokacin ɗari ya hi.

Malamar Faransanci:

Mushe, wallahi na ji kunya kamar ni na yi. Na rubuta: rama ziyara a cikin kasafi tun farko.

Maman 'Yan Biyu:

Malama, ki yi haƙuri, ni ta ɓangaren iyaye zan yi magana. Yarana biyu suna makarantar kwana, kuma da za a kawo mini takardar izinin tafiya ta hanyar Jibiya yau, ba zan sa hannu ba. Tun satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, ko ranar ziyara ce aka kira ni da lambar da ban sani ba sai gabana ya faɗi. Ba wai ban san amfanin abin ba.

Na san shi sarai, don an hana ni. Muna sakandare aka shirya irin wannan tafiya, ina cikin 'yan ƙwallon hannu, mu ne ma muka ci kofin shiyya a shekarar. Aka ce mata ba za su je ba, babu malama mace da za ta raka mu. Maza suka je suka dawo da kilishi da labari, mu muna wankin jesi. Har yau abin yana yi mini ciwo. In za ki yi, ki nemi malamai mata biyu da matar da ke kula da ɗakin kwana, ki kira taron iyaye ki faɗa musu inda yara za su kwana da wanda zai kwana da su. Kada iyaye su ji a bakin yara.

Malamin Wasanni Mai Ritaya:

'Yata Malama, Allah ya yi albarka. Ni a Sakkwato na yi aiki, mu Ƙonni muke zuwa ta Illela, tsakaninsu ba nisa, da hantsi mun isa, kafin magariba mun dawo. Hajiya Maman 'Yan Biyu, wannan ma hanya ce: ziyarar yini ɗaya, babu kwana.

Darasin da na koya da wuya shi ne kada a buga makaranta da makaranta. Da zarar an ce Najeriya da Nijar, yara sun ɗauka Super Eagles ce da Mena, malamai ma hankalinsu ya gushe. Shekarar farko, wani abokin aikina, ba da sanina ba, ya ɗauko 'yan haya biyu daga cikin gari ya sa musu rigar makaranta. Ɗaya har da gemu ya aske da safen nan, wurin ya yi fari fes. Malamin can ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Malam, wancan ɗalibin naku ai ni na san shi, yana kawo mana man fetur." Da ƙasa za ta tsage da na shige. Mun ci wasan, amma a bas babu wanda ya yi waƙa.

Daga shekara ta biyu sai muka koma tsarin intahaus. Aka cakuɗa yaran, gida ja da gida kore, kowane gida rabi namu rabi nasu. Nan ne fa aka ji yare. Namu na ihun "fasin", nasu na ihun "balo", rafali na busa yana faɗa da Faransanci, sai ga yaro ya koyi kalma goma a minti talatin don yana son a ba shi ƙwallo. Gudun ba-da-sanda ma haka muka yi shi.

Kuma kar ku tsaya kan ƙwallo. Ku sa langa, kowa ya iya, ba ta buƙatar ko sisi. Kokawa kuwa ku yi hattara. Can ba wasan yara ba ce, gasar takobi ta ƙasa tun 1975 ake yin ta, an fara a Tawa, jihohi ke karɓar baƙuncinta bi da bi, kuma duk ƙasar ke kasa kunne a rediyo. Muna da wani ƙaton firifet da duk makaranta ke tsoro, ya ce shi zai shiga. Wani siririn yaro ya ɗaga shi ya shimfiɗa kafin in gama gyara zama. Juniyoyinmu sun fi 'yan Ƙonni murna.

Abu Na Kano:

Bari in ɗan kare firinsifal. Makarantarmu ta taɓa samun ƙawa a Ingila ta wani shirin British Council na haɗa makarantu. Ba a banza ya tafi ba. Mun yi shekara guda muna auna ruwan sama da zafin rana, su ma suna yi, ana musaya. Yaranmu sun sha mamaki da suka ga can kusan kowane wata sai an yi ruwa, nasu kuma sun kasa yarda cewa mukan yi wata shida ko ɗigo babu. Amma ɗalibi ko ɗaya bai taka ko'ina ba, malamai biyu ne suka je. Kuma irin abin da Mushe ya faɗa ne ya kashe shi: komai yana cikin kwamfutar mutum ɗaya, aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Allon da aka kafa a bakin ƙofa ne kawai ya rage, shi ma rana ta cinye rubutun.

Ɗan Daura:

Mu Damagaram muka je, ta Kongolam, Ɗan Barto, Matamaye. An kai mu fadar Sarki da unguwar Birni, malamin tarihinsu ya gaya mana nan ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a mai da shi Yamai. Abin da ba a shirya ba shi ne yara huɗu a cikinmu sun tarar da dangi, wata har kakarta ta zo da ƙwaryar fura ta ce sai an ba ta jikarta ta kwana a gida. Rigima sosai, don malami ba shi da izinin sakin ta. Ki tambayi iyaye tun a takarda: akwai dangi a can? An yarda su ɗauki yaro ko a'a?

Takardu kuma, Malama, kada ki dogara da labarinmu na da. Mu jerin sunaye da hotuna, da wasiƙar ma'aikatar ilimi, da wasiƙar gayyata daga can suka wuce da mu. Tun daga nan an rufe boda a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka fara buɗewa, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris ɗin 2024, kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Ki taka da ƙafarki ofishin shige da fice ki ji abin da ake nema yanzu, ki sa su rubuta miki. Katin rigakafin shawara ma a tanada.

Malamar Faransanci:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan kai wa firinsifal ranar Litinin. Mu za mu fara gayyata, malamai biyu ko uku daga can ba tare da yara ba, su zo ranar intahaus ɗinmu su ga wurin da idonsu. Wasiƙu su bi ta ofishin makaranta, kwafi a fayil, ba ta wayata ba. Maganar tafiyar yara sai iyaye sun zauna, kuma Hajiya, in an yi da 'yan ƙwallon hannu mata za a yi. Baba, na karɓi gida ja da gida kore. Mushe, zan turo maka saƙo ta gefe, bashin ragon nan mu za mu fara biya.

Mushe daga Maraɗi:

Madalla, ina jira. Ku aje ragon, ku yi mana masa da miyar taushe.

Tsohon Gola:

Malama, in an sa rana a gaya mini. A filin ciyawa za a buga, kuma ni zan tsare gida kore.