Aljeriya ƙasar teku ce ko ƙasar rairayi?

Ɗan Dabino, Sabon Gari:

Salamu alaikum jama'a. Wata gardama ta tashi a rumfata jiya bayan la'asar, har yanzu ba ta kwanta ba. Ƙanena shekara biyu ke nan yana aikin gini a Tamanrasat, can Aljeriya. Da na kira shi a waya na ce ya ɗauko mini hoton teku, sai ya fashe da dariya, ya ce shi tun da ya je bai taɓa ganin ruwan da ya kai na Madarunfa ba, duwatsu ne kawai da ƙura. To amma yarona da ke aji shida a lakwal ya kawo taswira, ga Aljeriya nan kwance a bakin ruwa, har da jiragen ruwa an zana. Ni shekara goma sha ɗaya ina sayar da dabinon ƙasar nan, ban san kanta ba, ban san gindinta ba. Wa ke da gaskiya, yaron ko baffansa? Kuma yaya aka yi ƙasar da ke bakin teku ta zamo maƙwabciyarmu, mu 'yan Nijar?

Direban Arewa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Dukansu biyu suna da gaskiya, sai dai ƙanenka a bayan gida yake zaune, ƙofar gidan tana can arewa. Ni na yi hanyar da babbar mota. Daga Agadas ka bi Arlit, ka isa Asamaka, nan ne ƙarshen tamu. Ka tsallaka In Gezam, sai ka ƙara wajen kilomita 400 kafin Tamanrasat. Daga Tamanrasat zuwa Alje, babban birnin, kusan kilomita 2,000 ne. Wato kai da ke zaune Maraɗi ka fi kusa da tekun Legas a kan yadda ƙanenka yake kusa da tekun ƙasar da yake ciki.

Tamanrasat kan tudu take, cikin duwatsun Hoggar, shi ya sa da sanyi sai ka ji kamar ƙashinka zai tsage. Ka gangara In Salah kuwa, zafinta ko na watan Afrilu a nan bai kama ƙafarsa ba. Abin mamaki, ruwan da ƙanenka ke sha daga In Salah ɗin aka jawo shi da bututu, tafiyar kilomita 700 da wani abu. Bayan Gardaya ƙasa ta fara sakewa, ka hau duwatsun Atlas, ka ratsa wani fili mai faɗi inda ake kiwon tumaki, ka sake hawa wasu duwatsun, sai ka ga kore shar: alkama, zaitun, lemo, inabi. Ranar da na fara ganin haka na ce wa yaron motata ko mun ɓata hanya ne mun shiga Faransa.

Dabinonka busasshe, mai ƙarfi, galibi daga wajajen Adrar da In Salah yake fitowa. Mai laushin nan da ake kawowa cikin kwali da azumi, Deglet Nur, na yankin Biskra ne.

Mushe mai ritaya, Zariya:

Alhaji, ka gaishe mini da yaron, ya riƙe karatunsa. Faɗin Aljeriya ya kai murabba'in kilomita miliyan 2 da dubu 381, kusan ninki biyu na Nijar. Tun da Sudan ta rabu a 2011 ita ce mafi girma a Afirka. Fiye da kashi 80 cikin ɗari hamada ce, mutane kuwa yawancinsu sun tattaru a siririn bakin nan na Bahar Rum, inda Alje da Oran da Annaba suke.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nama. A da can, mulkin da ke Alje, wanda yake ƙarƙashin inuwar Turkawan Usmaniyya, bai taɓa isowa Hoggar ba. Nan ƙasar Buzaye ce, 'yan uwan namu na Abzin. Faransa ce ta ɗinke arewa da kudu, kuma ba a yini ɗaya ba. A 1827 mai mulkin Alje, Husaini, ya bugi jakadan Faransa da mahuci a kan rigimar bashin alkama. Suka riƙe wannan hujja, suka sauko da soja a 1830, Alje ta faɗi ranar 5 ga Yuli. Amir Abdulƙadir ya yi ta gwabzawa da su har 1847. Amma ba su karya Buzayen Hoggar ba sai 1902, a yaƙin Tit, shekara saba'in da biyu bayan sun ci bakin teku. Ayarin sojan Faransa na Kwamanda Lami ma da ya iso Zinder a 1899 daga Wargla ta Aljeriya ya taso, ya ratso Abzin. Layin da ke tsakanin Asamaka da In Gezam asalinsa rabon gado ne tsakanin ofisoshin Nasara biyu, na Alje da na Afirka ta Yamma.

Da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba 1954, ba a daɗe ba aka tono man fetur a Hasi Masa'ud da iskar gas a Hasi Ramal, a 1956. Sai Faransa ta so ta saki bakin teku ta riƙe rairayin. A Regan, cikin hamadar nan, ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a Fabrairun 1960, shekarar da mu muka karɓi namu 'yancin a kan takarda. Aljeriyawa suka ce ko duka ko babu. Suka samu duka a 1962, bayan shekara 132. Su suna cewa shahidansu miliyan ɗaya da rabi ne, masana tarihin Faransa suna kawo adadin ƙasa da haka sosai. A ganina da sun yarda an yanke musu kudu, da yau ƙanenka ba shi da ginin da zai yi, don kuɗin da ke gina arewa da kudu duka daga ƙarƙashin rairayin nan yake fitowa.

Malam Na Mokoyo:

Mushe, Allah shi ƙara basira, amma ka fara labari daga tsakiya. Kahin Nasara shi san hanyar, mu mun san ta. Shehu Magili mutumin Tilimsan ne, arewacin Aljeriya, ya zauna Tuwat, ya biyo ta Abzin ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya shiga Katsina, sannan ya tahi Gawo wajen Askiya Muhammadu. Kabarinsa na can Tuwat, yankin da dabinon Alhaji ke hitowa. Mu na Maraɗi da Sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce mishi, wanga tarihi namu ne. Kuma da yawa cikin 'yan uwa suna zaton Shehu Tijjani ɗan Maroko ne don kabarinsa na Fas. A Ainu Madi aka haihe shi, kusa da Lagwat, cikin Aljeriya.

Mushe mai ritaya, Zariya:

Na karɓi gyara, Malam. Iyaka nake magana, kai kana maganar hanya, hanya kuwa ta girmi iyaka nesa ba kusa ba.

Ɗan Dabino, Sabon Gari:

Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mutanen rumfa, wanda ya yi rantsuwa babu teku ya sayi shayi. Direba, saura abu ɗaya: kwana nawa mota mai kaya take yi daga In Salah zuwa Agadas idan ba a tsaya ba? Mai kawo mini kaya kullum sai ya ce wata guda, ina so in san ko hanya ce ko bakinsa.