Cunkoso a firamaren Kano: a raba yara safe da rana, ko a jira gini?

Ɗan Ungogo:
Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na wata makarantar firamare a ƙaramar hukumar Ungogo, inda yara suka haura ɗari a wasu azuzuwan, alhali tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35. Tun da aka mayar da ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano a 2019 ɗalibai suka ƙaru, ga kuma sababbin unguwanni da ke ɓullowa kewaye da mu. Wasu iyaye sun kawo shawarar a raba yaran gida biyu, rabi su zo da safe, rabi da rana. Shin wannan mafita ce, ko kuwa akwai abin da ya fi ta?

Malama Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Na koyar a irin wannan tsari, kuma ba zan ba ku shawarar ku shige shi da gaggawa ba. Mafi yawan yaran birnin nan suna zuwa Islamiyya bayan la'asar, saboda haka duk wanda aka ba zangon rana sai iyayensa sun zaɓa masa tsakanin boko da karatun addini, kuma mun san wanda yawancinsu za su zaɓa, musamman ga 'ya'ya mata. Sannan a watannin Maris da Afrilu, zaman aji mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana azaba ce, ba karatu ba. Abin da ya fi damuna shi ne malamai: idan ba a ƙaro wasu ba, wanda ya wuni yana ɗaga murya tun ƙarfe takwas shi ne zai sake tsayawa gaban wani ajin, sai a rage wa kowane rukuni awoyi a ce an magance cunkoso. Lokacin da Lateef Jakande ya hau mulkin Legas a 1979 ya tarar da karatun karɓa-karɓa, sai ya gina azuzuwa masu sauƙin kuɗi da yawa, duk da ba'ar da aka riƙa yi wa fasalinsu, har aka koma zango guda.

Mai Awon Fili:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai a Kano fili ne ƙashin bayan matsalar. Yawancin unguwannin da suka cika Ungogo da Kumbotso da Gwale awon igiya ne, an yanka gonaki an sayar ba tare da an ware wa makaranta ko taku ɗaya ba, don haka yaran unguwa uku suke ɗunguma zuwa tsohuwar firamare guda. A inda babu fili, sai dai a hau sama, kamar benayen azuzuwa da aka yi tsakanin 2011 da 2015. Kuɗin irin wannan aiki yana da hanya: dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta samun rabonta sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Ku rubuta wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku haɗa da adadin yaran kowane aji da hotuna, ku kuma tunatar da su dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamna ya ayyana a 2024.

Baban Khalifa:
Da girmamawa, Malama, ni ina ganin gini yana ɗaukar shekaru, yaron da ke aji ɗaya kuwa ba zai tsaya jira ba. Ghana ma ta raba ɗaliban babbar sakandare rukuni biyu a 2018, ko da yake nata na karɓa-karɓar zangon karatu ne, ba na safe da rana ba. Idan za ku raba, ku taƙaita shi ga aji ɗaya zuwa uku, ku tashi kafin la'asar, ku zauna da malaman Islamiyyar unguwa tun kafin a fara, sannan ku nemi a turo muku malamai masu takardar shaidar koyarwa ta NCE na daban domin zangon rana.