"Zumunci a ƙafa yake", to wanda ke turo kuɗi daga nesa fa?

Abu_Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar sadakar bakwai ta wata gwaggonmu rigima ta so ta tashi tsakanin kawu da yayana da ke aiki a Fatakwal. Tun da aka kwantar da ita asibiti Yaya ne ke turo kuɗin magani, hatta likkafani da kuɗinsa aka saya, amma bai samu zuwa ba sai ranar bakwai ɗin. Kawu ya dube shi a gaban mutane ya ce "zumunci a ƙafa yake, ba a banki ba". Yaya ya ce to waɗanda suka yi ta zuwa da ƙafar me suka kawo ban da sannu? Tun daga nan ba sa ga maciji. Don Allah maganar nan tana nufin sai ka taka ka je, ko duk wanda ya motsa don ɗan uwansa ya cika ta?

Maman_Ummi:
Wa alaikumus salam. Kawunku na da gaskiya. Zuwa da kai ya fi aike. Mara lafiya fuskarka yake son gani, alat ba ya riƙe hannun mutum.

Ɗan_Kurmi:
Hajiya da girmanki amma alat ɗin ne ya sayi ƙarin ruwa. Lokacin da aka yi maganar nan ai babu waya babu banki, in za ka kai wa ɗan uwanka damin gero dole ƙafa ce za ta kai ka, ke nan ƙafar hanya ce kawai, kayan da ta ɗauko shi ne zumuncin. Kuma kar a manta su dai mutanen da ne suka ce ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Bazamfare:
Ni abin da zan ƙara daga aiki na samo shi. Na taɓa yi wa wasu masu bincike aikin cike takardun tambayoyi a ƙauyuka, gida gida muke bi, tambayar ita ce in hatsinka ya ƙare wurin wa za ka, in za ka yi gayya wa zai zo maka, wa ke neman rance wurinka. Da muka zo haɗa amsoshi abin ya ba ni mamaki wallahi, sai ka ga Malam wane ya ambaci wane a matsayin wanda yake taimaka wa kullum, shi kuma wanen da muka je gidansa ko sunansa bai kawo ba, wani can daban ya ambata, wanda ke zuwa su zauna a dakali bayan la'asar. Mai bayarwa yana riƙe da lissafin abin da ya bayar, mai karɓa kuma wanda ya zauna da shi yake tunawa. To ka ga kawu da yaya kowa na kallon abu ɗaya ta inda yake tsaye.

Malama_Hauwa:
Bazamfare wannan matsala ce da masu nazarin al'ummomi suka sani, shi ya sa suke tambayar ɓangarorin biyu, mai bayarwa da mai karɓa. An yi irin wannan a Kangiqsujuaq, wani ƙauyen Inuwit a arewacin Kanada, kan yadda ake rabon naman farauta tsakanin gidaje. A Tanzaniya kuma binciken da aka buga a 2012 kan mutanen Hadza, mafarauta masu ƙaura daga wuri zuwa wuri, mutum 205 a sansani 17, ba su tsaya ga tambaya ba, sun ba kowa zuma kashi uku suka ce ya zaɓi waɗanda zai ba a ɓoye, sannan suka tambaye shi da wa yake son zama in an tashi sabon sansani. Sun ga masu kyauta sun fi zaɓar junansu, kuma nisa na rage dangantaka. Wannan na ƙarshen kam yana bayan kawu.

Ɗan_Kurmi:
Malama su Hadza suna da OPay ne? 😂

Jikar_Inna:
Ku bari in ba ku labarin kakata Allah ya jiƙanta, a wani ƙauye take can wajen Dakwaro a jihar Maraɗi. Tana da ƙawa Bafillatana tun suna 'yan mata, wadda ke kawo nono kasuwa, Inna kuma dawo take kai mata. Su Fulanin nan suna da al'adar habbanaye, a ba ka aron saniya ta zauna wurinka har ta haihu biyu ko uku, ka riƙe 'ya'yan ka mayar da uwar. To da kakanmu ya rasu ya bar Inna da yara, ƙawar nan ta sa mijinta ya koro mata karsana ɗaya, da nononta aka raini babana da ƙannensa. Sai farin 1984 ya zo, dabbobi suka yi ta mutuwa, Fulanin suka yi kudu aka daina jin ɗuriyarsu kwata-kwata, ba saƙo ba aike. Mutanen gari suka yi ta ce wa Inna ki sayar da saniyar nan ki sayi hatsi tun ba ta mutu a hannunki ba, ai masu ita sun tafi ke nan. Ta ƙi. 'Ya'yan saniyar ta sayar, nata rabon, ta sayi dusa da harawa, babana ya ce akwai daren da su suka kwana da kunun dusar ita kuma uwar saniyar ta ci sauran. Bayan shekaru sai ga ƙawar ta dawo, mijin ya rasu a hanya, garken ya ƙare tas, ko akuya ba ta da ita. Inna ta shiga bayan ɗaki ta kwanto saniyar nan da maraƙin da ta ƙara haifa ta damƙa mata igiya. Babana ya ce matar nan zama ta yi a ƙasa tana kuka, da wannan ta sake kafa garke. Duk tsawon lokacin nan ba wadda ta taka ta je wurin wata. To ku gaya mini, zumuncinsu ya yanke ne?

Maman_Ummi:
Allahu akbar, Allah ya kai haske kabarinta. Amma 'yata ki lura da ƙafarta ta dawo fa.

Ɗan_Kurmi:
Yunwa ce ta dawo da ita Hajiya, abin da ta tarar shi ne magana.

Bazamfare:
Da mu ne muka je wa Inna da takardarmu a shekarun nan muka ce wa ke taimakonki, ƙila ba za ta ambaci ƙawar ba tunda ba ta nan, sai mu rubuta babu alaƙa.

Sarkin_Yaƙi:
Mu dai a mazaɓarmu akwai wanda zumuncinsa a ƙafa yake sosai, duk bayan shekara huɗu sai ya tako har ƙofar gida da atamfa da taliya da sabulu, har ta'aziyyar wanda ya mutu bara waccan yake yi 😂

Ɗan_Kurmi:
Naku ma yana zuwa. Namu hotonsa yake aiko mana a jikin buhun shinkafa.

Sarkin_Yaƙi:
A ba irinsu habbanaye ka gani, ranar mayarwa za a ce maka an kafa kwamiti kan saniyar.

Alaramma_Tudu:
Jama'a a dawo kan magana. Hadisi ya zo a Bukhari cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa yake sadarwa. Ke nan wanda ke lissafin na je bai zo ba, ko na turo bai gode ba, duka biyun ramuwa suke nema. Abu_Sadik ka ce wa yayanka ya je ya gaida kawu ko da shi aka ɓata wa.

Maman_Ummi:
Malam Allah ya saka da alheri, amma mu mata sai da lissafi fa. Gudummawar biki in ƙawata ta kawo mini dubu biyar ranar nata dubu goma zan kai, har littafi muke ajiyewa, kuma in na aiko da kuɗin ban je ba wallahi sai ta yi fushi. Wannan ramuwa ce ko zumunci?

Malama_Hauwa:
Masai na Kenya da Tanzaniya sun raba biyun. Akwai bashi da ake biya, akwai kuma osotua, wanda ba ka roƙo sai da buƙata ta gaske, wanda aka roƙa ya bayar in yana da hali, kuma ba a bin kowa. Bikinmu ya fi kama da adashi.

Abu_Sadik:
Na gode ƙwarai. Malam zan gaya masa, sai dai ya riga ya koma Fatakwal, ya ce sai dai ya kira kawu a waya.

Maman_Ummi:
Waya kuma? Ai ita ce ta jawo rigimar.

Sarkin_Yaƙi:
Kun san nawa ne kuɗin mota daga Fatakwal zuwa Kano yanzu kuwa? Jikar_Inna ni tambayata daban ce, har yanzu akwai jikokin saniyar nan a garken? Kuma ana ba Bahaushe da ba shi da kaka a Dakwaro?