Na je kallon tsuntsaye a fadamar bakin teku, na dawo da cizon sauro kawai

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na fara zuwa wani gandu da aka keɓe wa tsuntsaye, inda kogi ke shiga teku. Da rana tsaka na isa, na tarar da laka shimfiɗe iya ganina, tsuntsayen kuma can nesa kamar an watsa tsaba. Awa biyu na yi, balbela uku kaɗai na shaida. Ina na kuskure?

Tsohon Mai Leƙe: Wa alaikumus salam ƙanena. Wurin bai yi laifi ba, lokaci ka saɓa. A yawancin gaɓoɓi teku na cika sau biyu a yini, tsakanin wata cika da wata kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum take jinkirtawa da kamar minti 50. In ruwa ya ja, masu dogayen baki sai su bi shi can ciki suna tonon tsutsa. Ka nemi jadawalin cikar ruwa, ka samu wurin zama awa biyu kafin ya cika. Ruwan da kansa zai koro maka su. Ranar da na fi morewa, wata ya cika, ruwa ya hau fiye da kullum har ya shanye lakar duka. Sai ga su sun cunkushe kan tudu ɗaya a gabana, kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya soke baki a baya, zalɓe kuma na tsakiya kamar mai tsaron makaranta.

Uwar Biyu: Ni dai Malam, yarana ba su bari na ɗaga kai sama ba. Muna hawa gadar katako ƙaguwoyi suka shige ramuka. Na ce kowa ya yi tsit. Ba a yi minti biyar ba suka fito, mazan kowanne da ƙaton hannu ɗaya yana ɗagawa yana saukewa don mata su gani. Ga kuma wani kifi mai idanu a ka, yana jan ciki a kan laka da fikafikansa. Ƙaramar ta rantse kwaɗo ne. Ashe muddin jikinsa na da danshi, ta fata yake numfashi.

Mai Kyamara: Ku ji tawa wautar. Na sauka daga gadar don in matso kusa, laka ta haɗiye ni har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi ke nan. Garken tsuntsayen kuwa ya tashi gaba ɗaya. Ma'aikacin wurin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi duk tashin da na sa su, kitsen da suka tara don doguwar tafiyar ƙaura suke ƙonawa. Na ji kunya. Cikinsu akwai irin wanda ake kira godwit, wanda a 2022 aka bi sawun ɗaya daga Alaska ta Amurka zuwa tsibirin Tasmaniya na Ostiraliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11 bai sauka ba.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. To madubin hangen nesa fa, wane iri?

Tsohon Mai Leƙe: Mai lamba 8x42 ya ishe ka, wanda ya fi shi jawowa rawa yake a hannu. Ka bar rana a bayanka, in ba haka ba duk baƙaƙe za ka gan su. Kuma ka riƙa duba ƙafafu. Na taɓa ganin mai zobba masu launi, irin waɗanda masu bincike ke sa wa tsuntsu don su gane shi, na rubuta jerinsu daga sama zuwa ƙasa na miƙa wa ma'aikata.

Uwar Biyu: Riga mai dogon hannu ma, Yaya. Da yamma sauron wurin ba ya sallama.