Me za mu kira "gif bos" da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum, malamai da iyayena na wannan zaure. Sana'ata haɗa ɗan mazubin nan na kyauta da hannu, wanda 'yan boko ke kira gif bos. Kwali mai kauri nake yankawa, in fitar da gindi da murfi, in manna masa ƙyallen atamfa ko shadda da gam, in shimfiɗa auduga a ciki, sannan a jera turare da agogo da cakulan da 'yar wasiƙa. Ciniki ya fi tashi gab da 14 ga Fabrairu, Ranar Masoya da ake kira Balantayin, sai kuma ƙaramar salla. Ina so in buga takardar talla da Hausa zalla, amma sunan abin ya gagare ni.

Ɗalibi: Anti, ai abin a fili yake. Akwatin kyauta, ko kwalin kyauta.

Hajiya mai kayan lefe: Ɗana, da gani ba ka zama a shago. Duk wadda ta ji "akwati" a bakin saurayi, saiti za ta hango mai taya, ta fara ƙirga turamen zane. Ranar da aka miƙo mata abin da bai wuce tafin hannu biyu ba, an ja wa yaro raini. Kwali kuwa na taliya da sabulu ne, da an kwashe kaya sai bola ko hura wuta. Yarinyar nan ta ɓata wuni tana manne-manne, a ce mata kwali?

Malamin Hausa: Hajiya ta taɓo inda maganar take. Kafin a raɗa wa abu suna a duba aikinsa. A shekarun 1860 kamfanin Cadbury na Ingila ya shiga sayar da cakulan a cikin mazubai masu zanen furanni da yara, kuma dabarar ita ce in an cinye abin da ke ciki ba a yar da mazubin, a kan ajiye shi ana adana wasiƙu da 'yan kayan tunawa. Ke nan muna neman sunan ƙaramin abu mai murfi, mai ado, wanda shi kansa yana cikin kyautar.

Da muka duba abin da muke da shi, adudu saƙa ne, kuma na ajiye tufafi, ya yi girma. Sanduƙi daga Larabci muka samo shi, yana da nauyi a kunne, ya fi dacewa da taskar attajiri. Ƙunshi zai rikita mata da lalle. Wadda ta rage ita ce batta, 'yar ƙaramar ma'ajiya mai murfi da ake zuba turare ko garin taba ko kwalliya. Shawarata a ce battar toshi, domin toshi shi ne kyautar da mai neman aure ke kai wa budurwa, har da toshin salla da iyayenmu suka sani tun kafin a ji labarin wani Balantayin.

'Yar Damagaram: Malam, Allah ya ƙara sani. Mu nan "kado" muke cewa, aron Faransanci, to ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Amma batta ta zauna daram. Har gobe ana yin ta a Agadas da ɗanyar fata, da zanen ja a jikinta, mata na zuba turare da 'yan kunne.

Baduku: Ni fa ban yarda ba tukuna. Batta aikin fata ce, a jiƙa, a ɗora a kan ƙirar yumɓu, ta bushe a fasa yumɓun a zazzage. Ina haɗinta da takarda da gam?

Malamin Hausa: Baba, a gafarce ni. Lefe fa asalinsa kwando ne na kaba. Yau akwatunan kanti ake jerawa a bayan mota, ba wanda ya ce a sake masa suna. Suna kan bi aiki ya bar kayan da aka yi abin da shi.

Baduku: To na ji. Amma 'yata, tunda za ki ɗauki sunanmu, ki ɗauki ƙa'idarmu: murfin batta ba ya rawa, ba ya kuma cijewa. Ki riƙa ƙara masa ɗan faɗi kaɗan a kan gindi, gwargwadon kaurin kwalin da ƙyallen da kika manna, in ba haka ba da kin lulluɓe zai ƙi shiga.

Wani ɗan'uwa: Ni bikin ne gaba ɗaya ban gamsu da shi ba. Ranar wani waliyyin Kirista ce da aka kashe a Rum a ƙarni na 3. Kada a saka wa abin suna da zai jingina shi da ita.

Hajiya mai kayan lefe: Ai ba wanda ya ce battar Balantayin. Ni gyarana a kan toshi ne, Malam. Toshi hanya ɗaya yake bi, daga saurayi zuwa budurwa, kuma da an ɗaura aure ya ƙare. Matar da ta haɗa wa maigidanta hula da turare fa? Ko wadda za ta kai wa mai jego? Ga kuma masu tsokana da za su ce toshiyar baki.

Malamin Hausa: Gaskiyarki, Hajiya. A bar babban suna ya zama battar kyauta. In ta samari ce, mai sayarwa ta ce battar toshi, kowa ya gane wadda ake nufi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai wa mai buga takarda: "Ana haɗa battar kyauta da battar toshi, aikin hannu, da atamfa ko shadda." Saura jam'i, Malam, don wasu guda goma suke saye na rabon biki.

Malamin Hausa: Battoci. Ki tsaya a kansa ya sa "t" biyu, masu buga takarda sun iya cinye harafi.